Libarbar Kaka Knut da Ramin Sanata

Ekalaka, 19 ga Satumba, 1993

Ɗana Wendell,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya bayan naka? Ni lafiya lau, in ka cire gwiwa da kunne. Waya kuwa na sa an cire ta, don na gaji da biyan kuɗi kawai in riƙa cewa "me ka ce?" Saboda haka ga takarda, kamar yadda muke yi da babanka, Allah ya jiƙansa. Ni da shi 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ya fi 'yan'uwana na ciki ɗaya rubuto min.

Kaka ta yi kyau bana. Filin kiwon na bar wa maƙwabcina Arlo Brekke, shi ke zuba shanunsa. Abin da ya rage min kaji ne da Sanata, tsohon dokin mijina Orvin. Ka tuna shi, wanda Orvin ya raɗa wa sunan saboda cin tsiya da ƙin aiki. Ya haura shekara talatin. Haƙoransa sun ƙare, ciyawa sai ya tauna ya tauna ya tofar da ita a dunƙule. Makon jiya ya kwanta a bakin kwarin ruwa, sai da ni da Arlo muka sa masa igiya kafin ya miƙe. Ba na jin hunturun bana zai yi masa adalci.

Ga tambayata. Libarbar Kaka Knut, kakanmu ni da babanka, tana nan wurina, bindigar hannun nan mai cin harsashi shida, naɗe cikin tsumma a aljihun tebur. Orvin bai taɓa harba ta ba, ni ma haka. A kantin kayan gona na ga hoton sababbin da ake ƙerawa yanzu, kamarsu ɗaya sak. To kai da ka karanta komai, in sayi sabuwa ne, ko tsohuwar ta isa?

Kada ka rubuto min littafi.

Gwaggonka,
Ardith

Missoula, 27 ga Satumba

Gwaggo Ardith,

Gaisuwa mai yawa. Bayana yana nan yadda kika san shi, da safe tsoho, da rana matashi, da yamma gawa. Na ji daɗin ganin rubutunki, ko da yake kin tambayi ma'aikacin laburare abu kuma kin hana shi rubuta littafi. Wannan zalunci ne, amma zan yi ƙoƙari.

Sababbin nan a Italiya ake ƙera yawancinsu, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin saniyar Montana ba sai a faranti. Kuma gaskiya sun iya aiki. Ƙarfen ya fi na da kyau, komai a miƙe, komai yana shiga inda ya kamata. Na sani, don ina da ɗaya. Duk Asabar nakan ɗauke ta in tafi bayan gari, in haɗu da wasu masu tumbi irina, likitocin haƙori da 'yan inshora, mu sa manyan huluna mu yi ta harbin farantai. Akwai ɗaya da ya raɗa wa kansa suna Dodon Kogi. Tsoron kyanwar matarsa yake ji.

To amma abin da nake so ki gane shi ne, sabuwar kamar ɗan wasan kwaikwayo ce da ya sa kayan soja. Kayan sun zauna masa, har sun fi zauna wa sojan gaske, sai dai bai taɓa kwana cikin laka ba. Ta Kaka Knut kuwa, ki ɗauko ta ki dubi mariƙinta. Gefen dama ya cinye, ya yi santsi, tafin hannunsa ne ya cinye shi. Babana ya ce tabon da ke jikin bakinta ƙafar keken doki ce ta taka ta a hanyar zuwa nan, lokacin da duk dukiyar gidanmu ita ce bindigar nan da murhun ƙarfe da Baibul na yaren Norway wanda babu mai iya karanta shi yanzu. Mu da muke sayen sababbi, irin wannan tabon muke nema, kuma ba a sayar da shi. Har akwai masu biyan ƙarin kuɗi a kankare musu sabuwa da gangan don ta yi kamar ta sha wahala. Na taɓa ganin Dodon Kogi yana goga tasa da yashi.

Saboda haka shawarata a taƙaice: kada ki sayi komai. Mai ta asali a gida ba ya bukatar kwafi. Kada kuma ki bari kowa ya goge miki ita ta yi ƙyalli, tsufan nan shi ne darajarta. Tsohuwar ta ishe ki, ta ishi jikokinki.

Ki gaishe min da Sanata. Ki ce masa takwarorinsa na birnin tarayya ma haka suke, sai an sa musu igiya suke miƙewa.

Ɗanki,
Wendell

Ekalaka, 9 ga Oktoba

Ɗana Wendell,

Na samu takardarka, kuma littafin ne dai ka rubuto. Ina lafiya. Na ji daɗi da ka ce tsohuwar ta isa, don dama ita zuciyata take so. Ta gida ce, shi ma na gida ne.

Na je kanti na sayo kwalin harsashi irin girmanta. Na gwada, sun shige daram kamar don ita aka yi su.

Arlo ya zo da motar haƙa ranar Talata, ya haƙa ramin binne Sanata a kan tudu, bayan itatuwan da Orvin ya shuka. Ka daɗe a birni, ƙila ka manta: nan sai an haƙa tun ƙasa ba ta daskare ba, in ba haka ba sai Afrilu. Sanata ya tsaya yana kallon aikin kamar shi ne ya ba da kwangila.

Da Arlo ya gama sai ya cire hula ya ce, "Ardith, ranar da kika shirya, ki shiga gida ki ɗora kofi. Kafin ya tafasa na gama."

Na ce, "Arlo, kai ka hau shi? Kai ya ɗauko daga kwari cikin dusar ƙanƙara da karyayyar ƙafa?"

Ya ce, "A'a, wannan Orvin ne."

Na ce, "To Orvin ba ya nan, ni ce nan."

Ya mayar da hularsa, ya ce, "Taurin kan 'yan Norway." Kamar shi ba daga can kakanninsa suka fito ba.

Likitan dabbobi ma ba zan kira ba. Da Sanata ya ji ƙarar motarsa jikinsa ke soma ɓari, ba na so abin da zai ji na ƙarshe ya zama tsoro. Dogayen bindigogin Orvin kuwa ɗanmu ya tafi da su Alaska, ko suna nan ma kafaɗata ba ta ɗaga su.

Yanzu rana tana da ɗumi, yana son tsayawa jikin bango yana gyangyaɗi. Zan bar shi ya sha ta. Ranar da sanyi na gaske ya sauka, zan yi.

Gwaggonka,
Ardith

Missoula, 14 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ki a tsaye, don tun da na karanta takardarki na kasa zama. Ki saurare ni: kada ki harba bindigar nan da harsasan da kika sayo. Ki fitar da su daga cikinta yau.

Na koma na karanta takardarki ta farko. Kin ba ni labarin doki a sama, kin yi tambayar bindiga a ƙasa, ni kuma da duk karatuna ban haɗa su ba. Na ɗauka ado kike nema na bango.

Ga abin da yake. An ƙera libarbar Kaka Knut a zamanin baƙin albarushi, mai hayaƙi, mai turawa a hankali. Ƙarfenta na wancan zamanin ne, mai laushi. Harsasan kanti na yanzu albarushinsu daban ne, ba shi da hayaƙi, kuma dukan da yake yi wa ƙarfe ya fi ƙarfi nesa. Girmansu ɗaya, shi ya sa suka shige daram, kuma nan ne tarkon. Tana iya jurewa. Tana iya kuma tsagewa a hannunki, saman ya tashi, ki rasa yatsu ko ido. Sannan abin da ya fi hana ni sukuni: bindigar da ta fi shekara hamsin ba a harba ba tana iya ƙin tashi, ko harsashin ya kauce. Ke a tsaye da jini a hannu, shi a tsaye da rauni a kai, babu kowa a kusa sai kaji.

Duk abin da na faɗa a kan ɗan wasa da kayan soja, ki jefa a murhu. Wannan aiki na sabuwa ne. Ita aka yi wa ƙarfen da zai ɗauki harsasan nan.

Na buga wa Arlo waya tun ɗazu, na yi masa bayanin nan duka daga farko har ƙarshe. Da na gama ya ce, "To." Ya ce zai leƙo ki. Ina roƙonki ki rubuto da zarar kin samu wannan.

Wendell

Missoula, 27 ga Oktoba
(a bayan katin gaisuwa, ba ambulan)

Gwaggo, shiru ya yi yawa. Na sake buga wa Arlo, ya ce hannuwanki biyu suna nan, amma kin ce kada a ƙara ambaton sunana a gidanki. Na yi zargin takardata tana nan a rufe. Shi ya sa na aiko kati, don ba ya rufuwa. BA DOKIN NAKE HANA KI BA. BINDIGAR CE ZA TA FASHE A HANNUNKI. Ki buɗe waccan takardar, sannan ki zage ni da hujja. W.

Ekalaka, 1 ga Nuwamba

Ɗana Wendell,

Ina gaishe ka. Katinka ya iso, kuma mai kawo wasiƙu ta riga ni karantawa. Ta tsaya a bakin hanya tana danna ham har na fito. Yanzu duk Ekalaka sun san bindigata za ta fashe, fasto ma ya tambaye ni ranar Lahadi.

Ka san saƙon da Arlo ya kawo min? Ya tsaya a baranda ya ɗaga murya ya ce, "Farfesanki ya bugo! Ya ce kada ki harba!" Na ce, "Don me?" Ya ce, "Ya faɗi dalilai da yawa." Shi ke nan. Ni kuwa na ce lallai Wendell ya zama ɗan birni, yana zaune cikin ɗumi yana tausayin dokin da bai taɓa ɗaga shi daga ƙasa ba. Da takardarka ta zo na cusa ta bayan agogo.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa Arlo ba. Ranar Laraba da safe na tarar da shi a kwance, raɓa ta daskare a gashin bayansa. Na kira shi, bai motsa ba. Na koma ciki na ɗauko ta da harsasanta. Ina tsaye a kansa, babban yatsana a kan 'yar gudumar da ake ja kafin harbi, sai ya yi nishi ya tattara ƙafafunsa ya miƙe da kansa, ya nufi bokiti. Washegari katinka ya zo.

Na fitar da harsasan. Na mayar da ita cikin tsummanta.

Na koma kanti na ce a kawo min sabuwa. Suka ce sai an yi oda, ƙila ƙarshen wata. Rediyo kuwa yana cewa babban sanyi yana tafe daga Kanada nan da mako mai zuwa. In ya kwanta cikin wannan, ba zai tashi ba, kuma zai daɗe bai mutu ba. Arlo ya ce zai ara min doguwar bindigarsa, na gwada ɗagawa, bakinta yana rawa kamar jelar kare. Ban san yadda zan yi ba, Wendell. Ban saba rubuta wannan maganar ba.

Gwaggonka,
Ardith

Missoula, 4 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina tafe ranar Asabar da tawa. Gidan waya ba ya ɗaukar irinta daga hannun mutum irina, saboda haka dole ki haƙura da ni tare da ita. Wannan karon saƙon da na ba Arlo gajere ne: "Yana zuwa." In ya ɓata wannan ma, sai dai addu'a. Dodon Kogi zai harbi farantansa ba ni.

Wendell

Missoula, 14 ga Nuwamba

Gwaggo Ardith,

Gaisuwa. Na iso gida lafiya, dusar ƙanƙarar ta kama ni bayan garin Billings amma ta bar ni na wuce. Bayana ya ce in gaya miki bai yafe wa gadon baƙinki ba.

Ba mu yi magana ba a ranar da aka yi aikin, kuma washegari da na tashi tafiya abin da kika ce kawai shi ne in duba iskar taya. To ni ba ni da ƙarfin halin 'yan Norway na gaske, sai na faɗa a takarda.

Na daɗe ina zuwa wurin harbi, na ga masu bindigogin da suka fi motata tsada, amma ban taɓa ganin abin da na gani da yammacin Asabar ba, lokacin da kika gwada ta a kan tsohon turken shinge. Kika juya ta a hannu kamar mai duba kifi a kasuwa, kika ja gudumar da yatsu biyu, kika harba. Turken ya tsage. Kika sake, ya sake tsagewa a wuri ɗaya. Kika ce, "Ba laifi, ga 'yan Italiya." Na so in rubuta musu in gaya musu, don ba na jin sun taɓa samun yabo mai nauyin wannan.

Da safe kuma allin nan. Na karanta yadda ake yi a littattafai, layi daga kunnen dama zuwa idon hagu, layi daga kunnen hagu zuwa idon dama, inda suka haɗu a goshi nan ake harbi. Babu littafin da ya ce ana shafa goshin da bayan hannu tukuna, ko ana ɗauko allin daga ajin yara na coci. Ya sunkuyar miki da kai kamar wanda za a sa wa hula.

Kika ba ni igiyar ragamar, kika ce in tsaya ta bayan kafaɗarki. Kika ajiye masa bokitin jiƙaƙƙen hatsi da tuffa da kika kankare tun asuba. Na ga ya sa baki. Daga nan, Gwaggo, ban ga komai ba. Na rufe idona. Ni da na tuƙo mota yini guda don in tsaya kusa da ke, abin da na iya ke nan. Na ji ƙara, na ji igiyar ta fizge daga hannuna, na ji ƙasa ta amsa. Da na buɗe ido kin riga kin durƙusa kina cire masa ragamar, Arlo kuma yana tahowa da motarsa daga ƙasan tudu, a hankali, ba tare da kowa ya kira shi ba.

Tun da na dawo abin yake cina. Ni na kawo bindigar, ni na ce ita ce daidai, bayan ni ne na fara cewa ba ita ba ce. Ki gaya min gaskiya, ba ta lallashi ba, don kin san zan gane. Ta yi aikinta? Ya ji? Ya ga abin da ke hannunki?

Na bar ta a kan teburinki da gangan. Ba na jin zan iya sake harbin faranti da ita.

Ɗanki,
Wendell

Ekalaka, 22 ga Nuwamba

Ɗana Wendell,

Ina gaishe ka da kyau. Sanyin ya sauka daren da ka tafi, kwarin ruwa ya daskare har ƙasa, kaji sun daina ƙwai. Da mun ƙara kwana biyu da abin bai yi kyau ba. Gwiwa tana nan. Da asuba har yanzu nakan sa takalmi in ɗauki bokiti, sai na kai ƙofa nake tunawa.

Bindigarka na goge ta na sa mata mai. Tana aljihun tebur tare da ta Kaka Knut, kowace da tsummanta. Ka zo da bazara ka ɗauka, ko ka zo ka bar ta.

Ka ce in gaya maka gaskiya. Ta yi aikinta. Harbi ɗaya, a kan allin. Ƙafafunsa sun naɗe kafin ƙarar ta dawo daga tudu, tuffar tana bakinsa.

Bai ga abin da ke hannuna ba, kuma ga dalili. Tsorona duka shi ne ya ɗago ya dube ni, don da ya dube ni da ban iya ba. Na ɗaga bindigar. Sai na ga kunnuwansa duka biyu sun juya wajenka. Na saci kallonka, idonka a rufe gam, hawaye har cikin gemu, bakinka yana ta motsi. Ban ji duka ba, ka san kunnena. Amma na ji "baƙin albarushi", na ji "ƙarfen wancan zamanin". Wendell, bayani kake yi masa. Kana gaya wa doki dalilin da ya sa ba ta Kaka Knut ba ce, a hankali, da ladabi, kamar wanda ya zo neman littafi. Shi kuma yana tauna yana saurarenka. Haka Orvin yake yi masa surutu in zai sa masa sirdi, kuma tun rasuwarsa babu namijin da ya yi masa magana mai tsawo haka.

Na daidaita bakin bindigar a kan allin. Ka kai tsakiyar wata magana, ban bari ka ƙarasa ba.

Gwaggonka,
Ardith